Kantocin Malam Shiru

Wa ya fi cin amanar maƙwabcinsa, wanda ya sa hannu ya wargaza abin da mutumin ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, ko wanda ya naɗe hannu ya bari baƙo ya zo ya wargaza? An juya tambayar nan ta kowace fuska ba a ga bayanta ba. Shi ma Kafinta bai san za ta faɗo masa a ka ba, safiyar da ya tsaya a barandar makarantar unguwa da akwatin kayan aiki a hannu, yana kallon dattawa biyu suna huci a bakin ƙofa ɗaya.

Hedimasta ne ya aika a kira shi, wai ɗan aiki ne na minti biyar. Da ya iso sai ya tarar da ƙofar laburare a garƙame da kwaɗo, ga kuma maƙwabcinsa, mai kula da laburaren, ya ajiye kujera a gabanta ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yara suna kiransa Malam Shiru, don shekara ashirin da shida kalmar da suka fi ji daga bakinsa ke nan.

"Yawwa, Kafinta," in ji Hedimasta. "Ɓalle mana kwaɗon nan."

"Mabuɗin ya ɓata ne, ranka ya daɗe?"

"Yana aljihuna," Malam ya ce, ya ɗan daki ƙirjin rigarsa. "Lafiyarsa ƙalau, ya ce a gaishe ka."

Hedimasta ya share gumi. Ba mugun mutum ba ne, an dai matse shi ne ta sama. Ya yi wa Kafinta bayani a gaggauce: an ba makarantar kwamfuta talatin, suna nan a kwalaye a ofishinsa har bai da inda zai miƙe ƙafa. Masu dubawa za su zo bayan mako biyu, in ba su tarar da ɗakin da aka shirya ba, za a kwashe su a kai wata makaranta. A duk ginin kuwa ɗakin nan kaɗai ke da silin mai kyau da tagogi masu ƙarfe. Don haka za a cire kantocin a yi tebura da katakonsu, littattafan kuma a kai sito.

"Siton da ke yoyo," Malam ya ce. "Gara ma ta gaji da jiran ku, ta riga ta wanke hannu."

"Malam, duk abin da ke cikin littattafan nan yana cikin na'ura ɗaya. Zamani ya wuce mu, ni da kai."

"Kai ya wuce. Ni a nan zai same ni zaune."

Hedimasta ya juya ga Kafinta. "Ai kai ka yi kantocin, ko? To aikin cirewar ma naka ne. Fara da kwaɗon."

Kafinta ya dubi kwaɗon, ya dubi maƙwabcinsa. Ya sauya wa akwatin hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ba na ɓalle kwaɗon da mai mabuɗinsa ke zaune a gabansa. Kantocin kuwa, hannun da ya haɗa su ba zai wargaza su ba. A nemi wani."

Ya juya ya tafi. Bai tsaya jin abin da aka ce a bayansa ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, gajeriya, har matansu kan miƙa wa juna gishiri da ashana ta kanta. Kantocin laburaren su ne babban aikin da Kafinta ya fara samu a rayuwarsa, lokacin yana saurayi sabon aure, ba wanda ya yarda ya damƙa masa ko kujera. Malam ne ya tsaya masa. Shi kuma don ya nuna ba a yi zaɓen tumun dare ba, ya haɗa su ba da ƙusa ko ɗaya ba. Kowane katako ya fafe masa gurbi a jikin ɗan'uwansa, ya cusa, ya kulle da ɗan fegin icce. Wata uku yana aikin. A cikin watannin nan ne Malam ya lura cewa in aka miƙa masa takarda sai ya ce idonsa na ciwo. Bai tona masa asiri ba. Kullum dai in an tashi yara, sai ya ɗauko littafin 'yan aji ɗaya ya ajiye kusa da zarton ya ce, "Duba mini ko bangon nan zai gyaru." Da haka Kafinta ya koyi karatu, yana riya cewa gyaran bango yake yi.

Kwana uku Malam ya yi yana zaman bakin ƙofa. Ran na huɗu ya sunkuya zai ɗaura takalmi sai ya kife a tsakar gida. A asibiti aka ce zuciya ce, ta daɗe tana ba da sanarwa shi ne ya yi kunnen ƙashi. Suka riƙe shi kwana biyu, suka sallame shi da ledar magunguna da irin kallon da likitoci ke yi in ba su son faɗin sauran maganar.

Da yammacin ranar da aka dawo da shi Kafinta ya shiga gaisuwa. Matar Malam, wadda yake kira Yaya, ta ɗaga masa labule.

"Shiga, ƙila kai ya ji maganarka. An ce ya huta, ya mayar mini da ɗaki ofis."

"Yaya, in da yana jin magana ai da ba a kai nan ba."

Yana shiga ya ja ya tsaya. A gefen gadon, kan tabarma, wata budurwa ce zaune da ƙaramar kwamfuta a cinya, ga doguwar durowar katunan laburare a gabanta. Ya gane ta. Sabuwar malamar da aka turo don koyar da kwamfuta ce, wadda saboda kayanta ake neman tashin ɗakin. Ta gaishe shi da ladabi, ya amsa da ƙyar kamar an taka masa ƙafa.

"Saki fuska, Sarkin Zarto," Malam ya ce daga kan filo. Muryarsa ta sirance, amma tsokanar na nan. "Ba ita ta kashe zomon ba, ko ratayar ma ba a ba ta ba. Malama, karanta masa wanda muke kai."

Ta zaro kati ɗaya da ya yi ja don tsufa. A gaba sunan littafi ne da lambarsa. A baya kuma rubutun fensir ne ƙanana, layi kan layi. Ta karanta: "Mai son jiragen ruwa ya gama shi a kwana biyu. A ba shi na taswira. Yarinyar da mahaifinta ya rasu ta mayar da shi ba ta gama ba, kada a tambaye ta dalili. Shafi na arba'in kuskure ne, a nuna wa yaro na kusa da shi ya gwada da kansa."

"Kowane kati haka yake, Baba Kafinta," ta ce. "Dubu uku da wani abu. Ina shigar da su ne."

"Cikin abin nan?" Kafinta ya nuna kwamfutar da haɓa. "Malam, kai da ka zauna kwana uku a rana don kada a shigo da su?"

"Wa ya ce maka don kada a shigo da su na zauna? Na zauna don kada a fitar da ni." Ya yi tari, matarsa ta leƙo, ya kore ta da hannu. "Bari in ba ka labari. Watan jiya wata 'yar aji biyar ta zo mini da wayar yayanta. An ba su aikin gida kan abin da ke kawo zazzaɓi. Ta tambayi wayar, ta ba ta amsa ta fi dubu. Wani ya ce sauro, wani ya ce shan mangwaro, wani ya ce zama a rana. Ta ce, Malam, wanne ne gaskiya? Ka ji? Ba ta ce ba ni littafi ba. Muka zauna ni da ita muna bin su ɗaya bayan ɗaya, wa ya rubuta wannan, ina ya samo, me yake son sayarwa. Sai da muka ɗauko littafin lafiya muka aza kusa da wayar. Da can aikina in nemo wa yaro abin da babu. Yanzu abin ya yi yawa har yana neman shaƙe shi, aikina in koya masa tsincewa. Shi Hedimasta gani yake ni mai gadin takarda ne. In takarda ta tafi, mai gadi ya bi ta."

Ya mayar da numfashi. Malamar ta rufe kwamfutar ta ce za ta dawo gobe. Da ta fita, Malam ya yafito Kafinta da yatsa.

"Matso. Ina son ka karɓi aikin nan."

"Wane aiki?"

"Na kantocin. Hedimasta ya nemo ɗan kwangila, Litinin mai zuwa za su zo da ƙarafan ɓanɓara. Ka san abin da zai faru. Za su nemi ƙusa su rasa, sai su hau fizga. Kafin azahar kantocinka sun zama itacen girki. Kai kaɗai ka san inda fegin nan suke. Ka cire layi uku na ƙasa ka yi musu teburansu a jikin bangon, na sama ka bar su inda suke da littattafansu. Yaro in ya ɗago kai daga gilashin, idonsa ya sauka kan littafi. Shi ke nan abin da nake nema."

Kafinta ya hau shi da faɗa.

"A gaban mutane na ce ba zan taɓa ba. Saboda kai na faɗa. Yanzu kai ne za ka ce in je in lashe amaina?"

"Ai ba yau ka fara cin abin da ba ka so ba, na san girkin gidanka."

"Ba wasa nake ba, Malam. Ka tashi ka koma kan kujerarka, ni zan kawo tawa in zauna kusa da kai. Su zo su ɗauke mu tare. Amma ka kwanta a nan kana raba gado da ranka, ka ce ni in riƙe wuƙar? Ban iya ba."

"Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta."

"To ta zauna a ɗaure."

Malam ya dube shi ya daɗe, sannan ya juya fuska ga bango. "Taurin kai dai kamar katakon da ka yi su da shi. Je ka, ka cika mini ɗaki da ƙurar zarto."

Kwana biyu Kafinta bai shiga ba. Yana aika gaisuwa ta kan katanga, Yaya na amsawa da "da sauƙi" irin wadda ba sauƙin a cikinta. A shago ya lalata ƙafar tebur biyu. Yana ta auna maganar a ransa yadda yake auna katako, ta nan ta fi, ta can ta gaza. In ya je, ya taimaka an rage Malam ke nan, an mayar da ɗakinsa rabi. In bai je ba, ya tsira da maganarsa, kantocin kuma su tafi gaba ɗaya. Ya rasa wanne ne riƙon amana, wanne ne kawai gudun kada a ce ya janye.

Ran Alhamis da hantsi yana wanke hannu a bakin famfon tsakar gida, rediyon Malam na magana ta bayan katanga kamar kullum. Sai aka kashe ta a tsakiyar labarai. Malam bai taɓa bari a kashe rediyo a tsakiyar labarai ba. Kafinta ya tsaya da sabulu a hannu, ruwa na zuba, har ya ji muryar Yaya ta kira sunan matarsa a hankali, sau ɗaya.

An yi jana'iza kafin rana ta faɗi. Mutanen da suka zo sun ba unguwar mamaki. Akwai direbobi, akwai ma'aikaciyar jinya da ta tsaya daga nesa da kayan aikinta, akwai wani mai gyaran injin jirgin ruwa da ya ce tafiyar awa huɗu ya yi. Hedimasta ma ya zo, idonsa ja, ya riƙe hannun Kafinta.

Ran Asabar Yaya ta aika a kira shi. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ta turo masa ambulan a kan tire.

"Ya ce in ba ka. Ya ce in ka ƙi karɓa in jefa maka ta katanga."

Mabuɗin ne a ciki, da kati ɗaya na laburare.

"Yaya, na riga na gaya masa."

"Ni ba ka gaya mini komai ba, kuma ban tambaye ka ba. Shekara talatin ina fama da mai taurin kai ɗaya, ba zan ɗauki na biyu ba ina cikin takaba. Ɗauki kayanka."

Ya kai ambulan shago ya jefa cikin akwatin ƙusoshi. Ya yi awa guda yana goge wani katako da ba ya bukatar guga. Daga baya ya ce bari dai ya ga abin da aka rubuta, gani ai ba yi ba ne.

Zane ne, da fensir. Malam ya zana bangon laburare da kantocin sama, da dogon tebur a ƙasa. Sai dai bai san awon kafinta ba, don haka da abin da ya sani ya auna. Faɗin tebur: littafin taswira ɗaya a buɗe. Tsayinsa daga ƙasa: babban ƙamus uku a kwance, ɗaya kan ɗaya. Tsakanin yaro da yaro: littafin lissafi biyu, don kada su yi faɗa da gwiwar hannu. A can ƙasa ya ƙara: "Na san akwai kuskure. Duba mini ko zai gyaru."

Kafinta ya zaro tef daga aljihu. Ya san ƙamus ɗin, shi ya yi masa gurbi na musamman a kanta ta biyu. Ya auna uku a jikin bangon shago, ya ja tsaki.

"Ƙamus uku. Ina kaurin katakon, Malam? Ina cinyar yaro za ta shiga? Wannan ai sai dai su yi karatu a durƙushe."

Ya ciro fensir daga bayan kunne ya fara gyara lambobin a gefen katin. Har ya cika gefen, ya juya baya, bai lura ba.

Ran Litinin da sassafe motar ɗan kwangila ta tsaya a ƙofar makaranta, mutum huɗu suka sauko da dogayen ƙarafa da babbar guduma. Suka tarar da kujerar Malam a bakin laburare inda ya bar ta, Kafinta a kai, akwatin kayan aikinsa tsakanin ƙafafunsa. Malamar kwamfuta na tsaye a gefe rungume da durowar katuna.

Hedimasta ya taho da sauri. "Kafinta, don Allah kada mu sake wannan. Mutumin nan ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ran Juma'a masu dubawa za su zo."

"Kwamfuta nawa ka ce, ranka ya daɗe?"

"Talatin."

"Bango uku, goma goma. Za su zauna, har da wurin gwiwar hannu. Littattafan kuma ba inda za su." Ya miƙa masa katin.

Hedimasta ya juya shi sama da ƙasa. "Mene ne kuma ƙamus uku?"

"Kuskure ne, na gyara. Duba baya."

Babban cikin ma'aikatan ya leƙa ta taga ya yi dariya. "Baba, wannan ai aikin awa biyu ne. Mu fizge su mu kawo tebura na zamani."

"Nemo mini ƙusa ɗaya a jikinsu, ɗana, in ba ka gudumata kyauta. In ka sa ƙarfen nan, da filastar bangon za su taho, sai ku kwana uku kuna liƙe ramuka."

"An ce mini ɗaki fili ake so," Hedimasta ya ce, amma muryarsa ta yi laushi. "Tebura a tsakiya, kamar yadda yake a hoton da suka aiko."

"Ranka ya daɗe," in ji Malamar, "wayoyin wuta ta jikin bango za su bi. In teburan na bango, ba yaron da zai yi tuntuɓe da waya. Kuma ni zan koyar a ɗakin nan. Ba na son sa babu littattafan. Rabin abin da zan koya musu a bayan katunan nan yake."

Hedimasta ya dubi ma'aikatan, ya dubi kujerar, ya sake duban katin. Ya daɗe a kan layin ƙarshe na rubutun Malam.

"Alhamis da yamma," ya ce. "In ban ga tebura ba, Kafinta, da hannuna zan fizge kantocin."

"Laraba za ka gani."

Da motar ta juya, Kafinta ya tashi ya ɗauke kujerar daga bakin ƙofa, ya jingine ta da bango. Ya sa mabuɗin a kwaɗon. Ɗakin na warin takarda da man katako, hasken safiya ya shigo ta tagogin ya kwanta a kan kantocin. Malamar ta ajiye durowar ta fara sauke littattafan layin ƙasa, tana jera su a tsakiyar ɗaki yadda suke bi da bi.

Shi kuwa ya durƙusa a kusurwar da ya gama aikin shekara ashirin da shida da suka wuce, don daga inda aka ƙare ake fara kwancewa. Ya shafa gefen katakon da tafin hannu har yatsansa ya sami ɗan da'irar da ido ba ya gani. Ya aza bakin kurfi, ɗan siririn ƙarfensa na huda, a kai, ya ɗaga ƙaramar gudumar icce, ya ɗan dakata.

Ya buga sau biyu, a hankali. Fegin ya zame ta ɗaya gefen ya faɗo a tafin hannunsa, fari sol kamar jiya aka fere shi. Ya hure ƙurar da ke kai, ya sa shi a aljihun gaba tare da katin, ya matsa ga na biyu.